Malamin Duba da Jirgin Auta

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Matar babban ɗana ce take rubuta wannan, ina faɗa tana bi, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. In kun ga kamar an tsallake wani wuri, kuka ne ya ci ƙarfina ta dakata ta jira ni. Sunaye kuwa ba za ku ji ba. Sunan miji bai fita daga bakina ba yana raye, balle yanzu da ƙasa ta rufe masa ido. Malam dai, shi ne mijina. Auta kuma ita ce ta ƙarshe a 'ya'yana, wadda ta sa na hau motar Zariya da guntun ƙotar fartanya a ƙunshe cikin zane.

Garinmu yana tsakanin Funtua da Malumfashi, in ka saki titi ka nufi wajen Gozaki. Masara muke yi da dawa da auduga, amma gidanmu ba da noma aka san shi ba, da injin niƙa aka san shi. Malam yana da wani tsohon injin gas, kore, a zauren da ke jikin gida, da duron ruwa a gefensa don kada ya yi zafi. Gas ɗin da nake faɗa ba na girki ba ne da ya zo yanzu. Man nan ne mai wari da manyan motoci ke sha, wanda 'yan boko ke ce wa dizal. Mutanen gari Dattijo suke kiran injin, don ba ya gaggawa. Tum, tum, tum, kamar tsohuwa ta sami turmi ita kaɗai. Da wannan ƙara na yi goyon 'ya'ya bakwai, kuma duk ranar da injin bai tashi ba, to ranar jariri ba ya barcin rana.

Malam yana da wa'azi guda a kan inji, wanda duk mai kawo niƙa ya haddace ko bai so ba. Cewa yake yi, "Injin fetur ɗan gaye ne. Raɓa ta taɓa masa fulogi, sai ya yi fushi ya kwanta. Injin gas ba shi da fulogi, matsa yake yi har mai ya kama da kansa. Ka ba shi mai mai tsabta, ka bar shi ya shaƙi iska, kai za ka gaji ka bar shi." Sai ya ɗaga yatsa ya ƙarasa, "Inji ba ya cin amana sai an fara ci masa."

Abu biyu yake yi wa Dattijo da ban ga wani mai niƙa yana yi ba. Na farko, in inji yana tafiya, yakan ɗauki guntun ƙotar nan ya kafa bakinta a jikin ƙarfe, ɗaya bakin a kunnensa, ya yi shiru kamar mai laɓe. Ta nan yake jin ciwon inji kafin ciwon ya fito fili. Ni ma ya koya mini, har na kai in ina tankaɗe a cikin gida nakan ɗaga murya in ce, "Malam, bel ya saki!" Ya leƙo ya ce, "Wa ya tambaye ki?" Sannan ya je ya ɗaure.

Na biyun shi ne kwalba. Kowace safiya, in rana ta ɗan ɗago, kafin ya murza inji, sai ya buɗe 'yar kafar da ke ƙarƙashin tanki ya tsiyayi mai kaɗan a wata 'yar farar kwalbar magani. Ya fito ƙofar zaure, ya ɗaga ta saitin rana, ya kanne idon hagu, ya fito da bakin harshensa ta gefe. Ruwa yake nema. Ruwa ya fi gas nauyi, in akwai shi sai ya kwanta a gindin kwalba kamar ƙwayar dutsen wuya. Da wannan ɗaga kwalba da kanne ido matan gari suka sa masa suna Malamin Duba. Shi da ko mafarki aka kawo masa fassara sai ya ce a je a yi sadaka kawai! Ni ce kan gaba wajen tsokana. In na fito da kunu sai in ce, "Malam, tunda an zauna duba, a duba mini ko zan je Makka." Sai ya ƙara kanne ido, ya juya kwalba, ya ce, "Na duba. Na ga tuwon dare zai yi gudaji." Shekara da shekaru amsar ba ta canza ba, ni kuma ban daina tambaya ba.

Sau ɗaya na ga duban nan ya yi magana. Da damina ne, ya sayo mai a bakin titi. Da safe ya ɗaga kwalba, sai ga ƙwayar ruwa a gindi. Mata sun yi layi da kwanoni, wata gidanta ana suna washegari. Malam ya ce ba niƙa sai ya juye tanki kaf ya tace. Ranar ya sha baƙar magana. Mai bikin sunan nan ta ce, "Malam, ɗigo ɗaya fa! Ko a miya ya faɗa ba a zubarwa." Ya ce, "Ai shi ya sa ke miya kike yi, ni nake niƙa." Mai injin ƙauyen gaba, da suka sayi mai wuri ɗaya, shi bai duba ba. Har aka cire masara matan ƙauyensu gidanmu suke kawo niƙa.

Auta a zauren nan ta tashi. 'Yan'uwanta mata suna wasan 'yar tsana, ita tana riƙe wa babanta kwalba. Kullum rigarta da baƙin mai, na wanke har hannuna ya gaji na bar wa Allah. Ta yi boko ta yi nisa, ta karanci harkar injina, daga nan aka zaɓe ta cikin waɗanda za a koya wa tuƙin jirgin sama a can wajen Zariya. Ranar da labari ya zo Malam bai iya cin tuwo ba don murna. Ni na ce, "Mace a sama?" Ya ce, "To da a ina kike so ta tsaya? Ƙasa ai mun cika ta." Ya sa mata albarka, ni na yi shiru, aka ɗauki shiruna a kan yarda.

Ba ta daɗe da tafiya ba Malam ya rasu. Bayan an gama girbi ne. Da safe ya ɗaga kwalbarsa kamar kullum, na yi masa tambayata, ya ba ni amsata. Da hantsi ya ce ƙirjinsa ya riƙe. Kafin la'asar an gama. Ko rigar aikinsa ba a cire daga ƙusa ba.

Dakata, 'yar nan. Ajiye alƙalamin tukuna.

To, rubuta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Har yau in na ji tum, tum daga zaure, nakan ɗebi kunu a kofi biyu kafin in tuna. Babban ɗana ne ke tayar da injin yanzu.

Bayan na fita takaba Auta ta zo gida. Ta zauna a bakin tabarmata tana murza yatsu, na san da magana. Ta ce, "Inna, duk tashin da nake yi, da malamina a gefe nake yi. Yanzu lokaci ya yi da zan tashi ni kaɗai. Duk wanda bai yi wannan ba, karatunsa ya tsaya."

Na ce, "To ya tsaya."

Ta ce, "Inna!"

Na ce, "Na ba ƙasa mutum ɗaya bana. Ba zan ba sama na biyu ba."

Ta yi ta lallashi. Ta ce jirgin ƙarami ne, mai lafiya, ba ya ba da wahala. Na ce me yake sha? Ta ce wani mai ne kamar kananzir. Nan na tafa hannu. "Kananzir? Na fitila? Fitilar da iska kaɗan ke hurewa ita za ki hau ki shiga cikin iskar gaba ɗaya?" Matar da ke rubutun nan tana wurin, har ta ƙware da dariya, ga ta nan yanzu ma tana yi. Auta ta ce, "Inna, injin irin na Baba ne, injin gas ne, ba shi da fulogi." Na ce kada ta sa babanta a cikin ƙarya. Dattijo da ƙarti takwas suka kasa ɗagawa ranar da aka gyara daɓen zaure, shi ne zai tashi sama? Ta ciro waya ta kunna mini ƙarar jirgin. Na ce wayar da ke mayar da muryar ƙanwata kamar ta akuya, ita za ta gaya mini lafiyar inji?

Sai ta daina dariya. Ta ce, "Inna, Baba ya sa mini albarka, amma ke ba ki taɓa cewa je ki ba. In ba ki faɗa ba, wallahi ba zan tashi ba. Sai dai ki sani, wurin ba zai jira ni ba. In 'yan ajinmu suka wuce, shi ke nan, na dawo gida."

Ta koma Zariya da wannan. Kwana da kwanaki ina juya maganar. In na ce a'a, na kashe abin da Malam ya kasa cin tuwo dominsa. In na ce e, wani abu ya faru, da bakina na aika ta. Ran nan ina sharar zaure na ga ƙotar nan a saman taga inda ya bar ta. Na ce to, gani ya kori ji, amma a harkar inji ji ne ya kori gani. Zan je in saurari injin nan da kunnena. In ya yi mini maganar lafiya, ta tashi. In bai yi ba, ta tattaro kayanta.

Muka yi sammako ni da surukata, muka hau mota a Funtua, muka wuce Giwa rana ba ta yi zafi ba. A ƙofar makarantar mai gadi ya ga ƙunshi a hammatata ya ce, "Inna, mene ne wannan?" Na kwance masa. Ya juya ƙota ya ce, "Sanda?" Na ce, "Kayan aiki ne." Ya dubi surukata, ita kuma ta dubi sama. Da Auta ta fito ta yi masa bayani, ya bar mu muka shiga, yana ta waiwaye.

Aka kai mu wata rumfa mai girman ma'ajiyar auduga. Ni ina zaton zan ga abu kamar gida, sai na ga wani ɗan farin abu mai dogayen fukafukai kamar balbela ta sha ruwa ta miƙe. Na ƙwanƙwasa jikinsa, na ji kamar bokitin roba. Na ce, "Wannan ne? Ai akori-kurar da ke ɗaukar mana taki ta fi shi mutunci."

Wani dattijo mai furfura a gemu ya fito yana goge hannu da tsumma. Shi ne babban makaniken wurin, kuma daga gaisuwarsa na gane mutumin wajenmu ne, ashe daga Mahuta iyayensa suke. Ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Ya ƙarin haƙuri?" Na ce, "Da godiya. Amma Hajiyar nan ka ajiye ta tukuna, an yi shekara arba'in ana duba mini ba a ga jirgin ba." Ya ga ƙotar a hannuna, sai ya sa hannu a aljihu ya ciro wani dogon sukundireba, ya kafa a kunnensa. Nan na ji raina ya ɗan kwanta.

Ya sa aka buɗe hancin jirgin. Na leƙa. Na ce, "Ina fulogi?"

Ya ce, "Babu, Inna. Matsa yake yi, irin na maigidanki."

"Ina duron ruwa?"

Ya nuna mini wasu bututu, ya ce ruwan a ciki yake zagayawa kamar na mota.

"Kananzir ɗin fa?"

Ya ce, "Man jirgi ne. Shi da kananzir da gas 'yan ɗaki ɗaya ne, sai dai shi an fi tace shi. Injin gas ba ya ƙin ɗan'uwa."

Na ce to. Amma idona yana kan wasu wayoyi da suka nannaɗe injin kamar yaɗon kabewa. Dattijo ba shi da waya ko ɗaya, shi ya sa ranar da gari ya yi duhu shi ko a jikinsa. Na ce waɗannan fa? Ya ce akwai wata ƙwaƙwalwa da ke auna wa injin mai, ta ba shi daidai cikinsa, kuma da wutar lantarki take aiki.

Na ce, "Da wuta?"

Ya ce, "Da wuta."

Na ce, "To in aka ɗauke wuta tana sama fa?"

Samarin da ke aiki a rumfar suka kwashe da dariya, wani har da riƙe ciki. Auta ta rufe fuska da mayafi. Ni ban ga abin dariya ba. A garinmu ana ɗauke wuta ana tsakiyar ɗaurin aure, wa ya ce za su ji kunyar jirgi?

Babban makanike ya juya ya dube su har suka yi tsit. Ya ce, "Ku da kuke dariya, wa ya taɓa yi mini tambayar da ta kai wannan a cikinku?" Sannan ya ce mini, "Inna, wutarsa ba ta masu ɗaukewa ba ce, shi yake yin abarsa yana tafiya. Amma tambayarki tana nan daram, don wutar da inji ya yi da kansa ma tana iya yankewa. Shi ya sa ƙwaƙwalwar biyu ce, in ɗaya ta yi barci ɗaya ta karɓa. Ga kuma batir na ajiya, ba ya aikin komai sai jiran wannan rana. Kuma kafin kowane tashi sai an gwada su duka biyun."

Ya ce mini kuma akwai ƙarafan da ake cirewa in sun cika awoyinsu, ko da lafiyarsu ƙalau. Na ce, "Ashe ƙarfe ma ana yi masa ritaya?" Ya ce, "Da ƙarfinsa ma kuwa, ba irin tamu ba." Na tuna wani bel da Malam ya yi wa ɗinki har sau huɗu, na ce a raina da yana nan da an yi musu.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ba ya mutuwa a sama?"

Ya ce, "Inna, duk abin da hannu ya ƙera yana iya tsayawa. Wanda ya ce miki ba ya tsayawa, ƙarya ya yi miki. Abin da zan ce, da wuya ya tsaya in an kula da shi. In ma ya tsaya, ba faɗowa yake yi kamar dutse ba. Kin ga shirwa in ta daina kaɗa fiffike? Haka yake saukowa, kuma ana koya musu su zaɓi fili tun suna sama. Gonakinku na Funtua ma shimfiɗaɗɗu ne."

Na ce, "Ban da gonar barkonona."

Aka turo jirgin waje, aka sa masa waigi a ƙafafu. Makanike ya nemi izini a wurin manya, aka ce in shiga amma ba tashi. Yadda aka cusa ni cikin abin nan, wannan kada ki rubuta. To, kin riga kin rubuta, bar shi. Ya zauna a gefena, aka ɗora mini wani abu a kunnuwa kamar faifai biyu, ya leƙa ya yi kira a kauce, ya murɗa makulli. Farfela ta juya har ta ɓace. Na ture faifai ɗaya, na kafa ƙota a wani ƙarfe kusa da ƙafata, na sa kunne, na rufe ido.

Ban ji tum, tum ba. Wata ƙara na ji siririya, mai sauri, kamar amya ta cika da ƙudan zuma. Na matsa ƙota nan, na matsa can. Ba abin da ya saki, ba abin da ya ƙwanƙwasa, amma ko da akwai ba zan sani ba. Yaren Dattijo na iya, wannan kuwa wani yare yake yi. Aka kashe, aka sauko da ni. Makanike ya ce, "Inna, me ya ce?" Na ce, "Ya yi magana, amma ban ji ba."

Aka ba ni benci a inuwar rumfa na zauna. Na zo da tunanin ƙota za ta yanke mini hukunci, in huta, sai ga shi ta bar ni inda ta same ni. Na rungume ta ina hawaye, ban damu da samarin nan ba. Na ce Malam, ka tafi ka bar ni da abin da kai ne ka san kansa. A raina kuwa na gama: abin da ban gane ba, ba zan ba shi 'yata ba. Jira kawai nake yi ta zo in faɗa mata.

Ita kuwa lokacin darasinta ya yi, za su tashi da malaminta kamar kullum. Na hango ta tana zagaya wani jirgin a can gefe, tana shafa nan, tana leƙa can, ba ta ma san ina kallo ba. Sai na ga ta durƙusa a ƙarƙashin fiffike. Ta ciro wani ɗan gilashi daga aljihu, ta danna shi sama, mai ya tsiyayo. Ta miƙe, ta juya ta fuskanci rana, ta ɗaga gilashin. Ta kanne idon hagu. Bakin harshenta ya fito ta gefe.

Ƙota ta faɗi daga hannuna.

Na ce wa makanike, "Wa ya gaya mata ta yi wannan don ni?"

Ya ce, "Ba don ke ba ne, Inna. Doka ce, duk mai tashi sai ya duba mai ko da ruwa a ciki. Sai dai wasu yi suke yi kamar alwalar wanda liman ya yi ruku'u. Ita kuwa sai ta bi kowace kafa, in ana jiranta a yi ta jira." Ya ƙara dubanta, ya ce, "Kanne idon nan da harshen dai ba ya cikin littafinmu. Ban san inda ta samo ba."

Na ce, "Ni na sani."

Na tashi. Surukata ta riƙo ni wai ba a shiga wurin, makanike ya ce ta bar ni, shi ya raka ni. Auta tana durƙushe a ƙarƙashin ɗaya fiffiken, ta miƙe da gilashi a hannu, ta ɗaga, sai ta gan ni a gabanta. Na ce, "Malama, tunda an zauna duba, a duba mini ko zan je Makka."

Idonta ya cika. Ta ƙara ɗaga gilashin, ta juya shi a hankali, ta ce, "Na duba, Inna. Na ga tuwon dare zai yi gudaji."

Malaminta yana tsaye da takarda a hannu, ga mata biyu suna kuka suna dariya a ƙarƙashin fiffike, bai san ta inda zai kama ba. Na kama kanta da hannu biyu. Injin dai ban gane shi ba, har yau ban gane shi ba. Amma na san wadda ba za ta fara ci masa amana ba. Na ce, "Je ki. Allah ya yi miki albarka, ya kai ki ya dawo da ke. Ranar da kika ga ɗigo ɗaya, ko duk garin nan sun yi layi da kwanoni, kada ki tashi." Ta ce, "In sha Allahu, Inna."

Da muka dawo gida ban ko cire mayafi ba na wuce zaure. Na tarar da babban ɗana ya tayar da Dattijo, kwalbar kuwa tana saman taga ta yi ƙura. Ɗan fari ne, ba na iya yi masa faɗa ido da ido, don haka bango na yi wa. Na ce, "Bango, ashe a Zariya masu jirgin sama ba su fi ƙarfin kwalba ba, sai mu nan masu niƙa dawa." Bango bai amsa ba, amma washegari na ji ana wanke kwalba. Yanzu shi ke tsiyaya, ni ke ɗagawa, ko da yake idona ya yi rauni, sai na kira wannan mai rubutun ta tabbatar mini.

Ranar da Auta ta tashi ita kaɗai ban je ba, na san ba zan iya kallo ba. Ina tsakar gida da hantsi ina ɓarzar masara, ina ɓarza ina salati, har na ɓarje wadda aka ware don iri. Sai waya ta yi ƙara, surukata ta kawo mini da gudu. Na ji Auta tana haki, ana ihu a bayanta. Ta ce, "Inna, na tashi, na zagaya, na sauka!" Na ce, "Alhamdu lillahi. To ihun me ake yi?" Ta ce wai al'adarsu ce, duk wanda ya yi tashin farko shi kaɗai sai an sheƙa masa ruwa, ga ta nan sharkaf, bokiti uku aka juye mata. Na ce, "A jikinki ba komai, 'yar nan. Ki dai matsa daga wajen tanki."

Na miƙa wayar, na juya wajen zaure na ɗaga murya na ce, "Malam, ka ji 'yarka!" Dattijo yana ta tum, tum, tum. Na tsaya ina jiran a leƙo a ce wa ya tambaye ni.